Malamin da Ke Sauraro da Ido

Ɗalibai na kiransa Malam Ba-zama, kuma wallahi sunan ya bi shi. Daga allo zuwa taga, daga taga zuwa ƙofa, alli ya ɓata masa hannun riga, kujerarsa kuwa ta zama wurin ajiye jaka. Ko a gida matarsa kan ce, "Malam, don Allah ka zauna, kana sa ni jiri."

Tun gashinsa na baƙi yake koyar da Turanci, kuma ba abin da yake ƙauna kamar kalmomin nan masu ɗafa-goshin Latin. Sai ya rubuta prepare, ya datsa ta gida biyu, ya ce, "Wannan ta farkon 'yar rakiya ce, ku wuce ta da sauri. A gaɓa ta biyu nauyin murya yake!"

Ana haka kunnensa ya fara yi masa gardama. Bai gaya wa kowa ba, don ya san in shugabar makaranta ta gane, ɗakin ajiyar littattafai za ta tura shi. A raba shi da aji? Tunanin kaɗai kan hana shi cin abinci. Sai ya fito da dabara: duk mai furta kalma ya bugi tebur a gaɓar da ke da nauyi, shi kuma ya zuba wa hannuwa ido.

Ranar da shugabar ta shigo duba darasi, ajin ya yi ta bugun tebur kamar mutum ɗaya. Malam har da ɗan tsalle don murna. Ta yafito shi bakin ƙofa.

"Malam, hannunsu bai kuskure ko sau ɗaya ba," ta ce, tana buɗe baki sosai don ya gane. "Amma bakinsu fa? Kowa gaɓar farko yake dannawa. Kiɗa kawai suka koya."

Ya koma ciki, ya durƙusa gaban yarinyar da ke layin farko.

"'Yata, sake faɗa mini, ban da tebur."

Ta faɗa. Ya matso da kunnensa. Ta sake faɗa da ƙarfi, idonta ya ciko da hawaye don tausayi. Sannan ta tsaya tana jiran hukuncinsa, shi kuwa bai san ko ta yi daidai ba.