Sakatar da Na Zare a Bayan Kwali

Wai me na rasa a gidan mijina? Tambayar da nake yi wa kaina ke nan tun ranar da aka rufe ni, har yau da tsufa ya kama ni ban sami amsarta ba. Ban taɓa kwana da yunwa ba, ban yi yawo da tsumma ba. Ni ban iya riƙe alƙalami ba. Matar maƙwabcina ce ke rubuta abin da nake faɗa, in kuka ya ci ƙarfina ta dakata ta jira ni. Ku yara masu tasowa nake so ku ji.

A unguwar Ƙofar Marke muke zaune. Maigidana kafinta ne, Allah Ya jiƙansa. Ba zan kama sunansa ba, Malam nake ce masa. Ƙofa da taga yake yi, kuma an san shi da abu guda: in ya kafa sakata, sai dai a fasa katakon. Ni kuma sana'ata ta hunturu ce. Da sanyi ya fara shigowa sai mata su aika a kira ni, tunda namiji ba ya shiga cikin gidan mutane. In cusa tsumma a tsagar taga, in rufe ta da kwali da leda in bi da ƙananan ƙusoshi, in rataya labulen tsohon bargo a ƙofa. Ina ɗinka doguwar jaka in cika ta da garin katako daga shagon Malam, a kwantar da ita a ƙasan ƙofa don kada iska ta kurɗo. Har uwar ɗaka ake kai ni, a bar ni ni kaɗai. Inna mai labule ake ce mini.

Da ƙyalle na fara sata. Ragowar yadin da aka ba ni na labule, sai in naɗe in cusa a ƙugu. Na ce ai yarwa za su yi. Daga nan sabulu, daga nan kwalbar turare. Ran da na ɗauki ɗan kunne a kan madubin wata mata a Ƙofar Atiku, sai da na yi ta waiwaye a hanya don tsoro. Amma na kai wa Asabe dillaliya, mai yawo gida gida da kayan sayarwa.

Ta juya shi a tafin hannu ta yi dariya. "Inna, wanga ɗan kunne ba naki ba ne. Na san kunnen da yaf fito."

Na ce tsintuwa na yi.

"Allah Shi ƙara miki sa'ar tsintuwa," in ji ta, ta saya.

Tun daga ranar na zama tata. In ta gan ni a gidan biki sai ta taɓa kunnenta tana murmushi. Da hunturu ya zagayo ta same ni a gida, Malam yana shago. Ta ce tana da yara masu aiki, ba sa son fasa ƙofa don ƙara tana tara mutane. Na ce ni ba ɓarauniya ba ce.

"Wa ya ce ki ɗauki wani abu? Sakata kawai za ki zare kafin ki buga kwali. Wa ka buɗe taga da hunturu? Kafin zafi shi zo an manta wa yat toshe ta."

Na ƙi. Ta miƙe tana gyara mayafi, ta ce to bari ta biya ta Ƙofar Atiku, akwai mai cigiyar ɗan kunne. Na riƙe mata zane.

Haka aikin yake. Tagar baya nake zaɓa, mai kallon lungu, wadda ba a sa mata ƙarfe ba. In zare sakata a hankali, in rufe da kwali, in buga ƙusa. Matar gida ta shigo ta kara hannu ta ji ba iska, ta sa mini albarka. Ran da suka tafi biki ko suna, yaran Asabe su ja murfin tagar daga waje, su ture kwalin, su kwashe abin da suka samu da rana tsaka. Ni kuwa ko sallama aka yi a zaure sai in zaci ni aka zo kamawa. Na daina cin abinci sosai. Malam ya ce ko ciwon shawara ne ke damuna, ya sayo mini magani. Na sha.

A unguwar Mabera akwai Malama Rifkatu, malamar firamare, mutuniyar kirki. Malam ne ya yi musu tagogin gidansu. Ta kira ni in toshe mata ɗakuna, tana ta hira, ta ce za su tafi garinsu bikin Kirsimeti. Ta ba ni shinkafa da miya na ci na ƙoshi. Da ta fita ɗebo ruwa na zare sakatar ɗakin baya. Abin da ban sani ba, mahaifiyarta, Mama Saratu, ba za ta bi su ba saboda ciwon ƙafa. An bar ta a ɗakin nan, wata maƙwabciya tana leƙo ta.

Da la'asar suka shiga. Tsohuwa tana kwance ta ga kwali ya faɗo, ƙato ya biyo baya. Ta yi ihu ta yunƙura za ta tashi, suka hankaɗe ta. Ƙashin ƙugunta ya karye. Ba ta sake taka ƙasa da ƙafarta ba.

'Yan sanda suka duba, taga ba ta fashe ba. Suka ce ko dai sakatar banza ce, ko wanda ya kafa ta ya san yadda ake buɗe ta daga waje. Aka tambayi wanda ya yi aikin. Ina tsakar gida ina tankaɗe suka yi sallama da Malam. Na ji yana cewa, "Awo, aikina ne, ni na kafa ta." Ya leƙo ya ce in ajiye masa tuwonsa, yanzu zai dawo. Ba wanda ya kawo ni a ransa. Wa zai zargi mace mai furfura da carbi a hannu?

Washegari Asabe ta zo, ko zama ba ta yi ba. "In kin buɗe baki, yarana sun san ƙofarki. Sun san kuma ke ɗai ke kwana yanzu."

Na yi shiru, yara. Wannan shirun ya fi satar muni. Mijina yana tsare, unguwa tana cewa ashe kafinta shi ke sayar da gidajen da ya yi wa aiki, ni kuma na tura turmi na danne ƙofa, ina jin motsin ɓera ina salati. Ina tsoron Asabe, ina tsoron ɗauri, ina tsoron idon Malam.

Ran da aka bar ni na kai masa kunu, na same shi ya rame, yana tari mai fitowa daga ƙirji. A kan siminti yake kwana cikin wannan sanyi. Ya karɓi kwanon da hannu biyu yana ɗumama yatsunsa. Sai ya ce, "Kin toshe tagar ɗakinki kuwa? Kina ta yi wa mutane, naki na nan buɗe. Sanyin bana ba shi da kyau."

A nan na durƙusa gaban ɗan sandan da ke tsaye na ce, "Ranka ya daɗe, ku sake shi. Ni ce." Na faɗi komai, har gidajen da ba a tambaye ni ba. Malam ya ajiye kwanon a ƙasa a hankali.

Aka kama Asabe da yaranta, aka yanke mana hukunci. Na yi shekaru a gidan yari. Can na san sanyi, don tagar ɗakinmu ƙarfe ne zalla, ba mai toshe ta. 'Yan'uwan Malam suka ce ya sake ni, ya ƙi. Ran da na fito shi na tarar a bakin ƙofa, riƙe da mayafina.

Amma aiki ya ƙare masa. Mutane suka ce mace ba ta yin haka mijinta bai sani ba. Mutumin da ke yi wa manyan gidaje ƙofa ya koma gyaran benci da ƙafar kujera. Tarin nan kuma bai bar shi ba. Na je Mabera neman gafara, na tarar Mama Saratu ta rasu. Malama Rifkatu ta dube ni ta ce, "Inna, nawa na yafe. Na Mama ba ni da ikon yafe shi." Da wannan maganar nake kwana, da ita nake tashi. Na tuba ga Allah, amma ina tsoron ranar da za a tsayar da ni da tsohuwar nan.

To ku ji. In za a toshe muku taga, ku tsaya a wurin, ku taɓa sakata da hannunku kafin a rufe ta. Tagar lungu ku sa mata ƙarfe ko da sauran ba su samu ba. Kada ku faɗa wa mai shigowa aiki ranar tafiyarku, ko da kun ci abinci kwano ɗaya. Wanda kuma aka amince masa ya shiga ɗakin mutane, ya fito da hannunsa yadda ya shiga da shi. In kun riga kun ɗauki wani abu, ku mayar yau ku sha kunyar. Duk wanda ya san asirinku ya sa muku igiya a wuya, kuma ba ku kaɗai za ta shaƙe ba.

Malam ya rasu da hunturun da ya wuce. Tun fitowata bai taɓa tayar mini da maganar ba, ko da wasa. Ranar da zai rasu, da hantsi ina shafa masa man zafi a ƙirji, numfashinsa yana sama sama, sai ya riƙe mini hannu. Na sunkuya don muryar ta yi ƙasa. Na zaci ruwa zai nema.

Ya ce, "Na yafe miki tun tuni. Amma in an tambaye ki, ki gaya musu sakatar da na kafa mai kyau ce."