Kifin Usta Zannun

Yayana Zannun ya fi kowa tsoro a tsohon garin Mosul, kuma ni Nuriya da muka fito ciki ɗaya ba zan rufa masa asiri ba. Yana tsoron kare, yana tsoron wayar lantarki, gadar kogin Dijla ma ba ya haye ta sai ta tsakiya. Bai taɓa aure ba, na sha gaya masa tsoron surukai ne. Da mijina ya rasu na dawo gidanmu, ni na zama mai buɗe ƙofa in an ƙwanƙwasa.

A wajen aiki kaɗai hannunsa ba ya rawa. Ɗaurin littafi ya gada wurin babanmu: ya ɗinke, ya shafa kullun alkama, ya yi bangon fata. In ya gama sai ya ɗumama wani ɗan ƙarfe mai siffar kifi ya danna a cikin bangon. Tambarin gidanmu ke nan, duk wanda ya taɓa karatu a unguwar ya san kifin Usta Zannun. Usta shi ne laƙabin da ake yi wa gwanin sana'a a garinmu.

A shekarar da masu baƙar tuta suka ci garin, aka ce Kiristoci su fita. Maƙwabcinmu Dakta Behnam, likitan ido, ya shigo da hantsi rungume da abu a cikin tawul. Littafi ne na harshen Latin da kakansa ya samu wurin limaman coci, ya haura shekara ɗari uku, na zamanin da Turawa suka fara yanka gawa suna zana abin da suka gani. Ciki akwai mutane tsirara babu fata, akwai ƙwarangwal tsaye yana tagumi.

"Za su caje mu a hanya, Usta," in ji Dakta. "Amana ce."

Zannun ya dube ni. Na san a'a yake so ya ce, amma faɗin a'a ma tsoronsa yake ji. Ya karɓa.

Daga ranar abinci ya daina shigarsa. Ana ƙona littattafai a dandali, ana fille kan duk wanda aka ce matsafi ne, ga mu da ƙwarangwal a ƙarƙashin buhun alkama. Ni kaina da nake cika baki, in mota ta tsaya a lungu sai in ruga in duba sakatar ƙofa.

Shi ya kawo dabarar. Ya cire bangon Turawan, ya yi masa na tsohuwar fata irin na littattafan malamai. Littafin Turawa ta hagu ake buɗe shi, mu kuwa hannunmu ta dama ya saba, don haka ya ɗinka wasu shafukan nahawun Larabci a gefen dama. Ya kai shi masallacin unguwa, ya cusa a kantar sama cikin tsofaffin littattafan da shi ke gyara su kyauta. Ya dawo ya ci kubba har da ƙari.

Ba a jima ba aka yi shela cewa za a tantance littattafan masallatai. Ina zuba shayi na ga ya daskare, kofi a hannu.

"Nuriya, kifin."

"Wane kifi kuma?"

"Na danna shi."

Hannu ya yi abin da ya saba, kai bai sani ba. Ya ɓoye littafin da kyau, sannan ya sa masa sunan gidanmu. Na ce, "Yaya, da ka haɗa har da kwatancen ƙofa, kada su sha wahalar nema."

Dole a ɗauko shi kafin su fara. Na rufe fuska na bi shi, don na san in shi kaɗai ne zai juyo daga bakin lungu. Na tsaya a waje. Ya fito da littattafai a rungume kamar mai ɗaukar gyara, namu a tsakiya. A bakin ƙofa akwai wani mai dogon gemu da bindiga, Larabcinsa ba na garinmu ba ne.

"Baba tsoho, ina za ka da kayan masallaci?"

"Gyara, ranka ya daɗe. Ni ne mai ɗaurinsu."

Mutumin ya zaro na tsakiyar, don ya fi kauri. Ya buɗe ta dama, ya ga nahawu, ya lashi yatsa ya juya shafi, ya sake juyawa. Ina kallon shafukan Larabcin suna ƙarewa. Sai ya gaji da juyawa, ya sa babban yatsa ya buɗe tsakiya.

Allah ya taimaka ba ƙwarangwal ba ne. Amma abin da ya fito ya kusa fin shi muni: da'ira cikin da'ira, layuka sun ratsa, baƙaƙen Turawa a gefe. Ko ni da na gani sai na ce hatimin matsafa ne.

"Wannan fa?" ya tambaya a hankali. Hannunsa ya koma kan bindiga.

Na jira Zannun ya faɗi sumamme. Ya buɗe baki, ƙarya ta ƙi zuwa, don bai taɓa iya ta ba.

"Ido ne," ya ce. "Idon ɗan Adam, in an tsaga shi. Ga baƙin, ga ruwan ciki, ga jijiyar da ke tafiya kai. Irin naka ne, ranka ya daɗe, irin nawa. Haka Allah ya yi shi."

Mutumin ya daɗe yana kallo, har ya kai yatsa ya taɓa fatar idonsa. Wani ya kira shi daga cikin mota. Ya kama shafin ya fizge. Ƙarar yagewar nan har yau tana kunnena. Ya dunƙule takardar ya yar, ya cilla wa Zannun littafin a ƙirji.

"Ka wanke shi daga ƙazantar kafirai kafin ka dawo da shi."

Na sunkuya na ɗauki takardar. Mu tsofaffin matan Mosul ba ma barin rubutu a ƙasa, sai mu ɗauka mu soka a tsagar bango. Mai bindigar yana kallona, don haka ban isa in sa a aljihu ba. Na soka a bangon masallacin, ya yi dariya ya wuce. Muka ce in ƙura ta lafa za mu ɗauko. Tsoro bai bar mu mun koma ba, da yaƙin ƙwato garin ya zo kuma bangon ya zama tarin duwatsu.

Ranar da aka yage shafin da yamma Zannun ya je tsakiyar gada shi kaɗai ya jefa tambarin a Dijla. Bai ƙara ɗaura littafi ba, don rawar ta kama hannun.

Bayan shekaru aka ƙwanƙwasa, na buɗe. Salwa ce, 'yar Dakta Behnam, ta zo ganin abin da ya saura na gidansu. Mahaifinta ya rasu a gudun hijira. Ban taɓa ganin Yaya cikin tsoro irin na ranar ba, ko gaban mai bindiga. Ya ɗauko littafin, ya buɗe daidai wurin yagar, ya kasa ɗaga kai.

"Amanar ba ta cika ba, 'yata. Shafi ɗaya babu. Kuma na idon ne, aikin babanki."

Ta shafa guntun takardar da ya saura a ɗinkin. Ya yi sauri ya ce bangon Turawan na nan a ajiye, zai nemi mai hannu ya mayar da shi yadda yake.

Salwa ta buɗe bangon fatar, ta ɗora yatsa a kan ɗan kifin.

"A'a, Baffa," ta ce. "Wannan kada kowa ya cire shi."

Zannun ya zauna a ƙasa ya rufe fuska da hannuwansa masu rawa. Ni kuwa na shige kicin, wai zan ɗora shayi.