Layi Ɗaya Da Ban Rubuta Wa Edita Ba

Edita, ina yi maka sallama, kuma ina roƙon ka sakaya sunana. Lokacin da abin nan ya same ni, ƙaramar malama ce ni a wata kwaleji da ke yankinmu na Funtua, ina koyar da aikin gona. 'Yar manomi ce daga wani ƙauye kusa da Ƙarfi, kuma ni kaɗai ce a gidanmu na yi boko mai nisa. Ba ni da baki, ban iya musu ba, aiki kawai na iya. Burina guda ne a lokacin, wato in samu gurbin digiri na uku tare da tallafin da wata jami'a ta ƙasar waje ke ba malamai irina. Sharaɗinsu shi ne mutum ya kasance yana da maƙala, ko da ɗaya ce, a mujallar ilimi mai daraja.

Kaka biyu na yi ina bin rumbunan mutanen ƙauyenmu, ina auna yadda toka da busasshen ganyen darbejiya ke kare masara daga ƙwari. Mahaifina ne ya fara buɗe mini rumbunsa, sannan ya bi abokansa gida-gida ya lallashe su suka yarda. Ba ƙaramin abu ba ne magidanci ya bar mace ta leƙa masa rumbu tana ƙirga abin da ke ciki. Suna yi mini tsiya cewa bokon nawa duk a kan ƙwaro ya ƙare, amma ba wanda ya taɓa hana ni ɗiba.

Bayan kakar farko sai labari ya zo cewa masu tantance kwasa-kwasai za su ziyarci kwalejinmu, kuma ana so a nuna musu muna da mujallarmu ta cikin gida. Shugaban sashenmu dattijo ne, shi ya koyar da ni, shi ya tsaya mini har aka ɗauke ni aiki. Da kansa ya tako zuwa ofishina ya ce in taimaka masa da duk abin da na rubuta, shafukan mujallar ba su cika ba. Na ce masa aikin bai kammala ba, saura shekara guda. Ya yi murmushi ya ce kofi kaɗan za a buga, baƙi su gani su tafi, a kulle sauran a kabad. A tarbiyyar da aka yi mana, malaminka ba ya tasowa ya zo inda kake da buƙata ka mayar da shi hannu wofi. Na haɗa sakamakon shekarar farko, na sa masa wani take, na ba shi. Aka buga a wani shagon ɗab'i na bakin kasuwa, tawada duk ta yi dabbare-dabbare, ko sunana ba a rubuta daidai ba. Don kunya ban taɓa lissafa ta cikin ayyukana ba, a hankali ma na manta da ita.

Da kaka ta biyu ta wuce na zauna na rubuta cikakkiyar maƙala, na tura wa wata babbar mujalla ta waje. A fom ɗin da ake cikewa akwai tambaya: shin wannan aikin, ko wani ɓangare nasa, ya taɓa fitowa a wani wuri? A nan ne nake so in faɗi gaskiyar da na daɗe ina ɓoye wa kaina. Na tuna da mujallar kabad. Na leƙa ofishin wani abokin aikina na tambaye shi, ya yi dariya ya ce wane Bature ne zai hau Keke Napep ya zo Funtua buɗe kabad, ai ko ɓeraye sun gama da ita. Ni kuma tsoro nake ji kada in ambata su ce ba sa so. Na dawo na danna "a'a".

Bayan gyare-gyare na wata da watanni aka karɓa, aka wallafa. Na buga kofi ɗaya na kai wa Baba gida. Ba ya karanta Turanci, amma ya sa na nuna masa inda aka rubuta sunan ƙauyenmu, ya ɗora yatsa a kai ya daɗe yana kallo. Daga nan ya naɗe takardar a leda ya sa a akwatinsa. Ba a jima ba jami'ar nan ta aiko cewa ta ɗauke ni, ana jiran sauran takardu ne kawai. Har mata sun fara shigowa yi wa Inna barka.

Ashe a daidai lokacin an kawo sabon ma'aikacin laburare, mutum mai himma, wanda ya kwashe duk tsofaffin takardun kwaleji ya ɗora su a intanet don duniya ta san da mu. Bai yi laifin komai ba. Wata ranar Talata ina fitowa daga aji na ga saƙon editan babbar mujallar nan ta waje. Ya ce wani mai karatu ya gano cewa jadawalin sakamakon shekarar farko, da shafuka kusan uku, sun taɓa fitowa a wani wuri ƙarƙashin wani take, kuma ban ambata ba. Na zauna a kan benci a baranda.

Na rubuta bayani mai tsawo. Malamina ma ya rubuta musu ya ce laifinsa ne, shi ya matsa mini, kuma a zamaninsu ba a ɗauki irin wannan a bakin komai ba. Na ga hawaye a idon dattijon nan, har ni na koma ina ba shi haƙuri. Amsar editan ta zo cikin ladabi, kuma ladabin ne ya fi yi mini ciwo. Ya ce da a ce tun farko na rubuta layi ɗaya cewa wani ɓangare ya fito a mujallar makarantarmu, na haɗa musu da kofi, na kuma ambace ta a cikin maƙalar, da wuya su ƙi karɓa, tunda aikin shekara ta biyu sabo ne. Abin da ba za su iya wucewa ba shi ne sun tambaye ni na ce a'a. Suka janye maƙalar. Mako biyu bayan haka jami'ar ta janye gurbin. Ba ƙofar da ban ƙwanƙwasa ba, kowa sai ya tausaya mini sannan ya ce ba a hannunsa abin yake ba.

Har yau ina koyarwa a wurin. Duk wanda ya nemi sunana a intanet, abin da zai fara gani shi ne tambarin da ke cewa an janye, a saman aikin da na fi yi da gaskiya a rayuwata. Ba adadi ɗaya na ƙarya a cikinsa, amma wa zai tsaya ya tambaya?

'Yan'uwana malamai, musamman ƙanana da ke neman ƙarin girma, duk abin da kuka taɓa bugawa, a littafin taro ne, a mujallar sashe ne, ko kofi goma aka yi aka kulle, ku faɗa wa edita tun a wasiƙar farko, ku bar shi ya yanke hukunci. In babba ya roƙe ku aikin da bai nuna ba, ku ba shi in kunya ta hana ku ƙi, amma kada ku ɓoye cewa kun bayar. Kada kuma ku tura aiki ɗaya wuri biyu don kun sauya masa take. Ni na ɗauka kabad yana riƙe sirri.

Baba bai san abin da ya faru ba, na ce masa ne an ɗaga tafiyar. Duk lokacin da na je gida yakan tambaye ni ko an sa rana. Kofinsa yana nan a akwati cikin leda, kuma shi kaɗai ne ya rage da ba shi da wannan tambarin.