Kwalba ta Bakwai ta Ibu Rosmiati

Daga Allah muke, gare Shi muke komawa. Ranar Talata, huɗu ga Maris, bayan azahar, Allah ya karɓi ran shugabar ɗakin bincikenmu a Makassar ta ƙasar Indonesiya, Rosmiati Lapatau, wadda muke kira Ibu, wato Uwa.

Ibu, shekara goma sha tara ina aikin gwajin jini a ƙarƙashinki. Burinki ɗaya ne: gano furotin ɗin da ke ƙaruwa a jini idan ciwon daji ya fara cin hanta, don a tare shi da wuri. Ina kewar safiyoyin nan da kike shigowa da soyayyar ayaba a leda, kina faɗa kan wanda ya bar firji a buɗe, can kuma ki tambayi jikin mahaifiyata. Faɗanki ba ya wuce minti biyar, shi ya sa muka raina shi.

Al'adarmu ce, idan ana neman jinin masu lafiya don kwatantawa da na majinyata, mu ma'aikata mu miƙa hannu. Ba a sa suna, sai lamba, ke kaɗai ke riƙe da takardar sunayen. Shekara biyu da suka wuce, kwalba ta bakwai a layin masu lafiya ta nuna furotin ɗin ya hau kamar na majinyata. Sau uku ina maimaitawa. Na zo wurinki na ce ko dai na yi shirme, ko kuma aikinmu na shekaru ya rushe. Kika dube ni ta saman tabarau, kika ce in je in ci abinci, yunwa ce ke damuna.

Bayan mako guda kika kira ni ofis. Ashe kin je an ɗauki hoton hantarki, ba ki gaya wa kowa ba.

"Samsul, hannunka lafiya lau, aikinmu ma ya yi," kika ce. "Ta bakwai ɗin tawa ce. Ɗauke ni daga layin masu lafiya ka mayar da ni wancan, kar in ɓata mana sakamako."

Na yi kuka a gabanki, har yau kuma ban ji kunyar hakan ba. Da hannuna na sauya wa kwalbar layi.

Allah ya jiƙanki, Ibu, ya sa jinyar nan kaffara ce, ya haskaka makwancinki. Ina miƙa ta'aziyyata ga maigidanki, Pak Mappiare, da 'yarku Tenri. Allah ya ba ku haƙuri, mu ma ya ba mu.