Hekuran da Duwatsun Kagara

A ƙauyenmu na kudancin Albaniya, duk wanda ya buɗe ƙofa da safe, tsohuwar kagarar da ke kan tsauni yake fara gani. Tsofaffi sun ce wani basarake ne ya gina ta shekara ɗari bakwai da suka wuce. Turkawa suka yi mata ƙawanya har rijiyarta ta ƙafe, suka zauna a ciki zamani mai tsawo, suka tafi. Girgizar ƙasa ta kayar da rabin hasumiyarta. Yawancin abin da ya rage kuwa, maƙwabcina Hekuran ne ya sauko da shi a bayan alfadari.

Yana ɗan shekara goma sha tara, zamanin da gona da dabba duk na gwamnati ne, shugaban gandu ya kira shi.

"Kai, ɗan Selman! Za a gina wa shanu ɗaki. Ga dutse can sama sassaƙaƙƙe yana zaman banza."

"Na kagara fa?" in ji Hekuran.

"Da gumin kakanka aka gina ta. Je ka karɓo masa haƙƙinsa."

A lokacin ba a musu. Shekara tara yana hawa yana sauka, sawu huɗu a wuni. Aka gina ɗakin shanu, aka gina rumbu. Babbar ƙofar kagarar ma, mai lanƙwasa kamar baka, da hannunsa ya ɓamɓare ta.

Da mulkin ya faɗi aka rabe shanun, aka kwashe kwanon rufin, ɗakin ya zama kango. 'Ya'yansa biyu suka tsallaka Girka neman aiki, ya rage daga shi sai matarsa Lumturi, da 'yan itatuwan zaitun, da alfadara guda.

Yana da sittin da bakwai sai ga wata mai binciken kayan tarihi, Mirjeta, ta zo daga Tirana, babban birnin ƙasar, da magina da tsofaffin hotuna. Za a gyara ƙofar kagara, mota kuma ba ta hawa tsaunin. Ta same shi a shagon kofi.

"Kawu, an ce kai ka san inda kowane dutse ya tafi."

"Labari aka ba ki, ko ƙarata aka kai?"

Abokinsa Bardul ya kwashe da dariya. "Ɗauke shi aiki, 'yar nan. Ɓarawo ai shi ya san inda ya ɓoye kaya."

A gida Lumturi ta hau shi da faɗa. "Da wace gwiwa? Wannan da ko tsani ba ta hawa?"

"Da aka ce in sauko da su ban iya cewa a'a ba," in ji shi. "Yanzu zan koya?"

Bazara uku ya yi yana mayar da duwatsun kan tsauni. Yakan shafa dutse a bangon kangon, har lokacin da warin kashin shanu a jikinsa, ya ce, "Wannan na kafaɗar ƙofar ne ta hagu." Mirjeta ta sa masa lamba da fenti. Amma hawa da kaya ba ɗaya yake da sauka ba. Sawu biyu yake iyawa, shi da alfadarar suna haki. Wata rana suna cin burodin masara da cuku a inuwar bango, ta tambaye shi ko yana jin daɗin gyara abin da ya rushe.

"'Yata, wancan karon yunwa nake ji. Wannan karon gajiya. Iyakar abin da na sani ke nan."

A kaka ta uku umarni ya zo a tsayar da aikin, aka kwashe maginan zuwa wani wuri. Ƙofar ta tsaya saura dutse biyar bakanta ya haɗu, an tokare ta da katako. Duwatsun biyar ɗin an riga an ciro su, sai aka ajiye a tsakar gidan Hekuran. Mirjeta ta ce da sanyi ya wuce za ta dawo.

Shekara huɗu ke nan, ba ta dawo ba. Alfadarar ta mutu bara, shi kuma yanzu ko gonar zaitun sai da sanda. Watan jiya surukin Bardul ya zo roƙon dutse biyu, zai gyara dokin ƙofarsa. Hekuran ya daɗe yana kallon lambobin fentin da ruwa ya fara cinyewa.

"Tambayi Lumturi," ya ce. "Tukwanen furenta ne a kai."

Lumturi ta hana.