Kwalbar Da Ta Watsa Layinmu

Jama'a, yau kwalba ta watsa layinmu kaf!

Ina share tsohon siton da na kama a bayan titin Koudoukou, sai ga wata ƙatuwar kwalba, tsawon hannuna. Cikinta ƙarfe da wayoyi, gindinta tagulla. Na fito da ita haske. Maman Zara mai ƙosai ta kwarma ihu, "Bom ne!" Nan take kowa ya arce! Har ɗan taksi-moto ya bar fasinjansa.

Ni kuwa na daskare. Ajiyewa tsoro, riƙewa tsoro.

Sai ga Baba Garba, tsohon mai gyaran rediyo, yana dogara sanda. Ya leƙa, ya fashe da dariya.

"Ɗana, yi numfashi! Irin fitilar cikin rediyon zamanin da ce, amma uwarsu. Wuta mai ƙarfi take sha. Ko ta tashar rediyo ce, ko ta injin hoton ƙashi."

Ya karɓe ta kamar jaririya. "Tun ina saurayi nake jin labarinta, sai yau na taɓa."

Na ce, "Baba, na ba ka."

Wallahi don murna, a ƙofar sitona ya manta sandarsa!