Maharazu da Igwar Shan Ruwa

Duk unguwar Mansur da ke Makka an san Maharazu mai gyaran firji, amma ba kowa ya san tsohon soja ba ne. Ya yi yaƙin Laberiya tun yana saurayi, ya dawo da ƙafafunsa biyu, ya ajiye kaki, daga baya ya zo Makka neman abinci. Nan ya auri Saudat, haifaffiyar garin, mace mai baki kamar reza amma mai zuciya fara.

Azumi ne ke neman kashe auren. A wancan lokacin igwa ake bugawa a Makka idan an sha ruwa. Magariba na kawowa sai Maharazu ya sulale ya shige banɗaki, ya toshe kunnuwa. Sai ƙarar ta wuce yake fitowa, ya tarar sambusa ta huce, matar gida ta cika fam.

"Halas, na gaji!" in ji Saudat. "In girkina ne ba ka so, ka faɗa, in koma gidanmu a unguwar Zahir."

Da wane baki ƙato zai ce igwar shan ruwa yake tsoro?

Ana gab da azumin 2012, ya dawo daga aiki ya same ta tana kallon wani ƙaramin fim na Amurka a talabijin, ba fitaccen ɗan wasa ko ɗaya, tana bin fassarar Larabci. Labarin wani soja ne da ya dawo gida. Ranar biki ana wasan wuta, sai ga sojan nan ya kulle kansa a banɗaki, ya toshe kunnuwa. Saudat ta waiwayo ta dubi mijinta, ta daɗe tana dubansa.

Ran ɗaya ga azumi ya tashi zai sulale, ta riƙo hannunsa, ta yi masa alkunya da sunan 'yarsu Kausar.

"Zauna, Abu Kausar. Ni ma ina da tawa igwar."

Ta rufe tagogi, ta kunna tsohon injin markaɗenta, wanda kullum yake cewa ƙararsa ta ishe shi. Ɗakin ya ɗauka. An buga igwa bai ji ba, sai dabino da ya ji an saka masa a tafin hannu.

Har yau yana yi wa waɗanda suka yi fim ɗin addu'ar alheri, bai ko san sunansu ba. Igwar ta daɗe da yin shiru, injin kuma ya mutu, amma ya hana a jefar da shi.